Mai gyaran agogon Katako da tsofaffin jiragen mahaifina

A ƙarshen daminar bara na buɗe wani kwali da marigayi mahaifina ya bari, na tarar da jiragen ƙasa na wasa guda uku waɗanda wani Bafaranshe abokin aikinsa ya ba shi lokacin da zai koma gida. Biyu ƙirar Jouef ne, kamfanin Faransa da aka kafa a 1944, masu aiki da lantarki bolt 12, irin waɗanda aka rage girman jirgin gaske sau 87 aka ƙera su. Na ukun tsohon Märklin ne na Jamus, na gwangwani, wanda ake wanawa da makulli. Babu ko ɗaya da ke motsi, taragu sun lotse, dogon kuma ya yi tsatsa.

A Yamai babu shagon da ya keɓanta da wannan sana'a, saboda haka aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo a gefen kasuwar Katako. Rumfar tasa ƙarama ce, ƙura kuma ba ta raga mata ba, amma hannunsa na da tsabta a wurin aiki. Ya kwance injinan Jouef ɗin, ya wanke busasshen man da ya daskare a haƙoran, ya feƙe gawayin wata tsohuwar na'ura, wato ɗan guntun da ke kai wuta cikin injin, ya maye gurbin wanda ya cinye, sannan ya like wayoyin da dalma. Da muka jona taransifoma, duka biyun suka tashi.

Abin da ya sa nake yaba shi, duk da haka, shi ne jirgin da ya ƙi gyarawa. Da ya juya Märklin ɗin ya ga ƙafafun sun kumbura sun tsattsage, sai ya ce mini: "Alhaji, wannan ƙarfen daga ciki yake rubewa, in na karɓi kuɗinka na cuce ka." Gaskiya ya faɗa. Masu tara irin waɗannan jirage sun san cutar tutiya, wadda ke kama kayan da aka zuba da ƙarfen tutiya (zinc) tsakanin shekarun 1930 da 1950, lokacin da ƴar dalma kan gauraya da narkakken ƙarfen. Danshi na hanzarta ta, kuma gam ko walda ba sa mayar da abin da ya fashe. Na kuma roƙe shi ya sake fentin jikin, ya hana ni, yana cewa tsohon fenti ko ya ƙoƙe ya fi sabo daraja a idon masu saye, haka kuwa abin yake a kasuwar.

Aibinsa jinkiri. Ya ce mako guda, sai da na yi sawu huɗu cikin wata ɗaya da rabi, kuma ba shi da kayan canji, don haka maƙalan taragu biyu da suka karye waya ya ɗaura musu, abin da bai yi mini kyan gani ba. Ladan aikin jika bakwai ne, ban kuwa yi ciniki ba.

Yanzu Jouef ɗin na zagaya tebur a falo, yara na tsokana cewa ya riga jirgin ƙasan Yamai zuwa Dosso fara jigila, wanda aka buɗe tasharsa ta Yamai tun 2014. Märklin ɗin yana cikin kabad, nesa da laima, har sai na samo masa ƙafafu daga Turai.