Matashin da ya ƙaurar muna da VM daga VMware zuwa Proxmox, ga yadda aikin ya kasance

Jama'a tunda ana ta tambayata kan aikin da anka yi muna a makarantarmu nan Mabera, bari in faɗi abin da na gani da idona. VM biyar gare mu, wato kwamfutoci na manhaja da ke gudana cikin babbar kwamfuta guda da ake kira saba, ta sakamakon ɗalibai, ta lissafin kuɗin makaranta, ta gwajin CBT da yara ke koyon jarabawa kanta, sai biyu ƙanana, duk kan ESXi, manhajar kamfanin VMware da ke gudanar da VM kan saba. To tunda kamfanin Broadcom ta saye VMware a Nuwamban 2023 ta daina saida lasin na dindindin sai na biya shekara-shekara, mai makaranta yac ce mu nemi wata hanya don dala ba ta taɓuwa. Shi ne anka haɗa ni da wani matashi mai shagon kwamfuta wajen titin Emir Yahaya, yac ce Proxmox za mu koma, wata manhaja mai irin aikin ESXi.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa komai ba sai da ya ɗauki bakof, wato kwafin ajiya, na duka biyar ɗin a diski na waje, kuma ya tada guda ya nuna min tana aiki. Da na ce mai mu goge tsohuwar sabar kawai mu ɗora Proxmox kanta, yac ce "a'a malam, sai da saba ta biyu," don abin jawo VM ɗin da Proxmox ta sa tun sigarta ta 8.2 a 2024 sai ESXi na kunne yake haɗuwa da ita ya jawo. Dole munka sayo wata tokumbo.

Wurin VM mai Windows nan na san yaron ya san hannunshi, ya cire VMware Tools, manhajar VMware da ke cikin VM ɗin, tun kafin ƙaura, da VM ta iso bai sa diskin kan VirtIO, hanyar haɗa diski mai sauri a Proxmox, kai tsaye ba don Windows ba ta da diraibanshi, shuɗin allo za ta ba ka ta ƙi tashi, sai ya tada ta da SATA, hanyar da Windows ta riga ta sani, tukun ya liƙa mata wani ɗan ƙaramin diski na VirtIO ya sa diraiba sannan ya juya babban diskin zuwa VirtIO. Ta Linux kuwa ta tashi babu netwok, gabana ya faɗi wallahi don sakamakon yara ke ciki, shi ko a jikinshi, ashe sunan katin netwok ɗin ne ya canza daga ens192 zuwa ens18, layi guda ya gyara ta dawo.

Inda ban ji daɗi ba lokaci. Yac ce daga hantsi zuwa azahar an gama, sai bayan isha'i munka tashi, saboda bai duba tsofaffin snapshot, wato hotunan yanayin VM da anka aje a baya, da ke kan VM ɗin kuɗi ba kuma su ke sa jawowar ta yi nawa, ga zafin Sakkwato ga wuta ta ɗauke, janareto ya sha man da ban yi lissafinshi ba. Sannan bai bar min komai a rubuce ba, sai da na bi shi har shago sau biyu kafin ya rubuto min IP, wato adireshin kwamfutocin a netwok, da faswod.

Wata uku ke nan ba VM ɗin da ta faɗi, bakof na tafiya kowane dare da kanshi. In za ku kira shi ku kira, amma ku ba aikin yini guda cur ranar da babu ɗalibai, kuma ku riƙe cikon kuɗinshi sai takarda ta shigo hannunku.