Fim mai kyau, amma mai fassara ya kashe shi da surutu

Masu tura finafinai a waya na wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina kun san su, kun kuma san abin da suke karɓa. Mutumina a cikinsu yaro ne mai ladabi, ba ya cika maka waya da tarkace, hotonsa kuma tas yake fita. Wannan karon na ce masa na gaji da ganin mutum guda yana dukan arba'in gashin kansa bai ko motsa ba. Ya ce, "Baba, akwai wani da ba a cika tambaya ba, babu rawa babu waƙa, amma fassararre ne." Na ce tura.

Fim ɗin kansa, wallahi, ya ba ni mamaki. Irin wanda ƙananan masu shiryawa na kudancin Indiya ke yi da ɗan abin hannunsu ne, babu fuska ko ɗaya da na sani. Labarin wata tsohuwa ce daga ƙabilun daji da can ake kira Adibasi. Ma'aikatan gandun daji sun tashe su daga inda kakanninsu suka zauna, ɗanta ya shiga gari neman abin kaiwa baka, aka yi masa ihun ɓarawo, jama'a suka rufar masa har rai ya yi halinsa. Ragowar fim ɗin zaryar uwar ce tsakanin caji ofis da asibiti, gawar ɗanta kawai take so a ba ta, kowa na tura ta gun wani.

Kuma kar a ce zuzutawar fim ce. A watan Fabrairun 2018, a Attappadi ta jihar Kerala, haka aka ɗaure wani matashi Ba'adibase mai suna Madhu a kan zargin satar kayan abinci, aka yi ta jibgarsa har da masu ɗaukar hoto da shi, ya mutu. Sai a 2023 kotu ta samu mutum 14 da laifi, bayan shaidu da dama sun janye maganarsu. Adibasin nan sun haura miliyan 100 a ƙidayar Indiya ta 2011. Tun 1871 Turawan Ingila suka yi dokar da ta sa ƙabilu sukutum a jerin masu laifi tun daga haihuwa, sai a 1952 aka cire musu tambarin a takarda, amma a bakin mutane bai goge ba. Wanda ke zaune a Katsina, yana jin yadda ake yi wa duk Bafulatanin da ya fito daga daji kuɗin goro, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

To ga inda raina ya ɓaci. Akwai wurin da tsohuwar ke zaune a ƙofar ɗakin ajiye gawa tun azahar har duhu ya shiga. Ba ta ce uffan ba. Mai shiryawa bai sa kiɗa ba, sai ƙarar ƙudaje da takun ma'aikatan da ke wuce ta ba su ko dube ta. Shirun nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Shi kuwa mai fassara, da alama ba ya iya jure shiru, sai ya shiga cika wurin da barkwanci. Ya sa mata muryar baƙauyiya, ya ce wai tunanin tuwon dare take, ya ce zaninta ya shekara bai ga sabulu ba. Da ta fashe da kukan makoki cikin yarensu, sai ya kama kwaikwayonta yana gwalangwaso da baki yana dariya. Ana cikin wannan kuma ya tsaya gaisuwa ga masoyansa na Kano da Maraɗi, har da karanto lambar wayar talla.

Ƙanwar maiɗakina na zaune tare da mu. Daga wani ƙauyen Batsari suka taso bayan ta'asar 'yan bindiga da kowa ya sani, ita ma ta taɓa zaman jiran gawa. Ta miƙe ta ce, "Yaya, don Allah kashe abin nan," ta shige ɗaki. Yaran kuwa dariya suke ta ƙyalƙyalawa, don muryar ta koya musu cewa tsohuwar abin dariya ce. Wannan ya fi komai ci min rai. Mai shirya fim ya kashe ɗan kuɗinsa don a dubi mutanen nan a matsayin mutane, wani ya zauna gaban makirfo ya mayar da su inda aka saba ajiye su.

Ba ƙin fassara nake ba. Ba don ita ba, da iyayenmu mata ba su san me ake cewa a finafinan nan ba, kuma a na faɗa da soyayya ni ma ina shan dariyar. Amma wanda bai iya bambance gidan biki da gidan makoki ba, bai kamata ya taɓa irin wannan ba.

Na koma na faɗa wa yaron. Ya ce, "Baba, yi haƙuri, haka suke turo mana," ya sa min na asali mai rubutun Turanci a ƙasa bai karɓi ko sisi ba. Har na fara yaba masa, sai na ga rubutun yana makara, sai mutum ya gama magana ya juya baya sannan ya fito. Nan na tuna wani da ya taɓa tura min an gutsure ƙarshensa, da wanda muryar ta ɗauke a tsakiya. Ladabi dai akwai, amma ba ya duba kayansa kafin ya sayar. In za ku karɓi wannan, ku ce marar fassara kuke so, kuma ku ja shi zuwa ƙarshe tun kuna tsaye a shagon.