Na'urar shinshinar tururin mai: ku saye ta da fitilar 10.6

Aikina duba tankokin manyan motocin dakon mai kafin yaro ya shiga ciki wanki. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 motocin nan suka yawaita a Damagaram, aiki bai yanke mana ba. Na'urar da nake riƙewa ita ce PID ta hannu, mai auna tururi irin na benzin (benzene, wani sinadari da ke cikin man fetur) a cikin iska. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini ita daga Kano da fitilu biyu, ta 10.6 eV da ta 11.7 eV (eV ma'aunin ƙarfin hasken fitilar ne).

Jikin na'urar ba ni da abin cewa. Batir yana kai ni yamma, lambobin suna karantuwa ko a tsakar rana, ƙararta kuma tana ratsa hayaniyar gareji. Magana tana wurin fitila.

Fitilar ƴar ƙaramar kwalba ce mai gas a ciki, tana fitar da hasken ultrabayolet mai gajeren zango, ƙasa da nanomita 200. Hasken nan shi ke bugun tururin ya fizge masa lantarki, na'ura ta ƙirga. Gilashi ba ya barinsa ya wuce, iskar da muke shaƙa ma shanye shi take, shi ya sa ake toshe bakin kwalbar da ɗan faifan kiristal. Duk kuɗinka yana kan faifan nan da bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Ta 10.6 gas ɗin kiripton ke cikinta, tagarta kuma, wato faifan kiristal ɗin, magneziyam fuloraid, wanda ke barin haske har wajen nanomita 115. Wannan kiristal ɗin yana da jimiri. Ya ci damina da ni, ya ci hunturu. Ƙurar hunturu takan kwanta masa, karatu ya sauka, sai in goge da auduga da ɗigon metanol, in bari ya bushe, in sake saita na'urar da kwalbar gas ɗin saiti, isobutilen mai 100 ppm (kashi 100 cikin miliyan), ta dawo daidai. Kada dai yatsa ya taɓa shi, maiƙon hannu ma tare hasken yake.

Ta 11.7 kuwa argon ce, tagarta litiyam fuloraid. Shi ne ke barin haske mafi gajeren zango, wato mafi ƙarfi, har wajen nanomita 105, don haka tana ganin metanol da furofan waɗanda ɗayar ba ta gani. Amma kiristal ne mai jan laima, hasken da ke ratsa shi ma yana cin sa a hankali. Tawa na buɗe ta a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, kafin kaka ta yi nisa ta dushe, saiti ya ƙi kamawa. Ta fi ɗayar tsada, kuma wanda ya sayar mini bai ce in ajiye ta a rufe da maganin tsotse laima ba. Abin ya yi mini ciwo, don kuɗin gumi ne.

Mu masu harkar mai ba ma buƙatarta. Benzin yana sakin lantarkinsa tun a 9.24 eV, toluwin, wani sinadarin da ke cikin fetur, a ƙasa da haka, ta 10.6 ta ishe su. Benzin kuwa shi ne abin tsoro, yana jawo kansar jini, yaran nan kuma shaƙarsa suke kullum.

Don Allah ƴan'uwa masu walda, kada ku dogara da PID kaɗai ku kunna wuta. Ba ta ganin metan, gas mai kama wuta, da kowace fitila, kuma ba a yi ta don auna haɗarin fashewa ba. Wannan aikin wata na'ura ce daban, mai auna LEL, wato yawan tururin da ya isa ya kama wuta, ni ma biyun nake ɗauka. In za ku yi odar PID, ku ce a haɗo da kwalbar saiti da matatan ƙura masu yawa, don a kasuwar Dole ban same su ba.