Gonar shanu a bayan Afienya: irinsu na da kyau, amma maganar nono sai a hankali

Masu ta tambayata inda na sayi karsanata, to ga bayani kowa ya huta. Wata gona ce a nan Ghana ta wajen Accra, a bayan Afienya in ka bar Ashaiman ka kama titin Akosombo, ta wani dattijo ce, ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Suna sayar da karsana da bajimin iri, in kuma ba ka da wurin ajiyewa (wa ke da shi a Nima ko Maamobi, ko akuya ma da ƙyar) sai su riƙe maka a garkensu kana turo kuɗin magani.

Abin da ya burge ni da su, ba sa tura maka mai tsada don su ci kuɗinka. Mu 'yan Zango da mun tara ɗan abin hannu idonmu na kan mai baƙi da farin nan, jinin Friesian, wai nono kamar famfo. Suna da su ƙalilan, haɗin Friesian da Sanga (shanunmu na gida) irin wanda aka san gonar gwamnati ta Amrahia da shi. Ina nuna ɗaya sai Alhaji mai gonar ya ce, "Ɗana, kana da rumfa? Za ka iya da ruwanta da dusarta kullum?" Na ce a'a Baba. Ya ce to tsaya ka kalle ta da kyau.

Wajen azahar ne a watan Maris. Tana tsaye ƙarƙashin dogonyaro baki a buɗe, yawu na dalala, cikinta sai sama da ƙasa yake, ga ciyawa a gabanta ko kallo ba ta yi, can kuwa cikin rana tsaka Bunaji suna ta kiwonsu ko a jikinsu. Friesian asalinta Holan ne, zafi na wuce digiri 25 ta fara jigata, mu kuma nan Fabrairu da Maris sama da 30 muke sha ga damshin teku da ba ya barin gumi ya bushe. Saniyar da ba ta ci ba kuwa ina za ta samo nonon, kuma ɗaukar ciki ma sai ya yi mata wuya. Su masu tozo gashinsu gajere ne a kwance, suna gumi sosai, ga fatar wuyan nan mai reto da ke taimaka musu fitar da zafi. Alhaji ya sa na buɗa gashin wata Bunaji da yatsa, sama fari fat amma fatar ƙasa baƙa, ya ce farin na mayar da rana baƙin kuma na hana ta ƙuna.

Sai dai a filin Accra zafi ba shi kaɗai ba ne, akwai kaska, babbar nan mai zane a baya, in ta yi yawa sai kirci ya biyo, fata ta yi ɓawo ɓawo, kuma masu jinin Turai ya fi kayarwa. Shi ya sa na tsaya kan Sanga. Ita haɗi ce tsakanin masu tozo da gajerun shanun nan namu na Ghana marasa tozo dangin muturu, ta ɗauko girma a can ta ɗauko juriya a nan, har sammoren da tsando ke kawowa ta fi Bunaji zalla jurewa. Ba ta da wani kyan gani gaskiya, tozon ɗan mitsitsi, amma rani ya wuce ba ta zube ba. Suna da Gudali ma, Bokolo, masu nauyi ga mai tunanin layya. N'Dama ta Gini kam na tambaya babu.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Tsarin wurin irin na da ne, makiyayi nono ne ladansa, ana kaiwa masu fura da masu wagashi (cuku). Ban ƙi ba, kowa da haƙƙinsa, amma Sanga fa abin da ake samu a tatsa bai wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, in aka matsa mata me ɗan maraƙi zai sha? Da karsanata ta haihu na je na tarar da shi ana ƙirga haƙarƙarinsa, gashi a tsaye, sai da na yi magana da Alhaji ya ja kunnen yaron sannan aka rage tatsa ya murmure. Duk wanda zai bar saniya a wurin ya yi wannan maganar tun ranar ciniki, a gaban shaida.

Na biyu ba sa rubuta komai. An yi allurar ciwon huhu? An yi. Yaushe? Kwanaki. Wane bajimi ne ya hau ta? Sai a fara gardama tsakanin yara. Mai sayar da iri ya kamata ko littafin 'yan makaranta ne ya ajiye. Waya kuma ka kira har ka gaji, amma kana tura momo (kuɗi ta waya) nan take za a kira ka a ce an gani.

Farashi ya ɗan ɗara na kasuwar shanu ta Tulaku a Ashaiman, sai dai babu la'adar dillali, kuma za ka ga uwar da idonka ka ga garken da ta tashi, wanda a kara ba ka samun haka, dabba ce aka sauke daga mota jiya daga arewa ko Burkina ba ka san me ta kwaso ba. Zan ƙara saye a wurinsu, Sanga dai. In za ku je kar ku yarda ku je Mayu ko Yuni da ƙaramar mota, baƙar laka ce daga bakin titi har garken, ku nemi okada a Afienya.