"Shi ko ita" da lafazin da ya haɗa kowa: wanne za a ɗauka a sanarwa?

Masu fassara wa alhazai sanarwa daga Larabci a Makka da Madina suna yawan tambaya ko su riƙa ambaton namiji da mace daban-daban, ko su ɗauki lafazin da bai bambance jinsi ba.

Hausa a tilo take bambancewa, kai da ke, shi da ita, amma da an shiga jam'i sai ku da su, saɓanin Larabci da ya raba antum da antunna. Muna kuma da "a" ta umarni wadda ba ta nuna kowa.

Ta fuskar sauƙi, lafazin gama-gari ya yi zarra. "A riƙe katin Nusuk" (wato katin shaidar alhazai) ta fi "Alhaji ya riƙe katinsa, Hajiya ta riƙe nata" gajarta, kuma dattijuwar da ake karanta wa a ƙofar masauki za ta gane nan take.

Haɗarinsa yana wurin da hukunci ya bambanta, kuma wannan ne ya fi damuna. Idan aka rubuta "a yi aski bayan jifa", an ɓatar da mata, domin su rage gashi kawai suke yi. Haka batun rufe kai bayan an ɗauki harami: namiji an hana shi, mace kuwa wajibi ne a kanta. A nan tsawon jimla ba asara ba ce.

Mai rubuta sanarwar mota, abinci da lokacin tashi, jam'i da "a" sun ishe shi. Mai bayanin hukunce-hukuncen ibada kuwa ya ambaci kowane jinsi da sunansa.