Bordo ko Burgon: wacce ta fi jure ajiya a zafin Garwa?

Ɗan'uwanmu da ke kula da ɗakin ajiyar abin sha a wani otel a Garwa ta ƙasar Kamaru ya yi tambaya cewa maigidansa yana son ya sayi jar giyar inabi ta Faransa ya ajiye ta shekaru, don haka yana so ya san wacce ta fi dacewa tsakanin ta yankin Bordo da ta yankin Burgon, da kuma yadda ake gane wadda ta tsufa lafiya. Na san yawancinmu ba ma kusantar giya saboda addini, amma wannan tambaya ce ta aiki, kuma dukiyar wani ce aka damƙa masa amana.

Ɗan'uwa, abin da ke riƙe jar giya ta daɗe ba ta lalace ba shi ne bauri da tsami. Baurin yana fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa da gangar itacen da aka zuba giyar, kuma danginsu ɗaya da sinadarin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. A nan Bordo ta yi wa Burgon nisa, musamman ta yankin Medok, domin ana haɗa ta da inabin Cabernet Sauvignon mai kaurin ɓawo, a cakuɗa shi da Merlot. Tana sabuwa sai ka ji ta kama harshe da dasashi, amma bayan shekara goma zuwa ashirin baurin yakan kwanta, ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya ja baya, na ganyen taba da na jemammiyar fata da na katako su fito. Gidajen yin giya na Bordo da suka yi suna a wannan fanni su ne Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, waɗanda aka sa a sahun farko a jerin darajar giyar Bordo da aka tsara a 1855, sai Mouton Rothschild da ta shiga sahunsu a 1973.

Jar Burgon kuwa ta inabin Pinot Noir ce mai siririn ɓawo, launinta bai kai na Bordo duhu ba, kuma tsaminta ne ke riƙe ta fiye da bauri. Idan ta tsufa da kyau tana ba da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshen ganye da naman kaza (wato laimar kwaɗi), wanda masana da yawa suke fifitawa a kan komai. Sai dai ba ta da juriya, zafi kaɗan ya isa ya kashe wannan ƙamshin.

Wajen dubawa, ka karkata kofin a kan farin ƙyalle ka kalli gefen giyar. Sabuwa tana da ja mai shuɗi-shuɗi, wadda ta manyanta takan koma kalar jan bulo, wadda ta zama ruwan ƙasa gaba ɗaya kuwa ta riga ta wuce. Tsohuwar Bordo tana tara gari a gindin kwalba, saboda haka a tsayar da ita kwana ɗaya kafin a buɗe, a tsiyaye ta a hankali. Idan ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar bakin kwalbar ce ta ɓata ta, kuma babu gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne hanya da yanayinmu. Giya tana son sanyi na digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa da sauka, da duhu, da laimar iska kusan kashi 70 cikin 100, kwalba kuma a kwance domin toshiyar ta kasance a jiƙe. Mu kuwa kayanmu daga Duwala suke tasowa, su biyo ta Ngawundare, su kwana a bayan tirela cikin rana, sannan su iso garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, hunturu kuma ya zo ya busar da toshiya har iska ta samu hanyar shiga. Saboda haka kafin ka biya, duba wuyan kowace kwalba. Idan toshiyar ta turo sama, ko ka ga danƙon giya ya zubo ƙarƙashin murfin, ko giyar ta sauka ƙasa da wuya alhali ba ta daɗe ba, to ta dahu a hanya, ko da sunan wane gida ne a jikinta.

A ganina, idan otel ɗin yana da firij na musamman na giya da wutar da ba ta yankewa, ka zaɓi Bordo ta Medok, ka sa a kawo ta a Disamba ko Janairu, Burgon kuma ka sayi kaɗan wadda za ta ƙare cikin shekara. Ka kuma gaya wa maigidanka cewa yawancin giyar yankunan biyu, musamman mai araha, an yi ta ne don a sha cikin 'yan shekaru. Idan babu wannan firij, na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ba za ta wadatar ba, domin tana busar da iska, kuma da an ɗauke wuta ɗakin zai koma yadda yake.