Wasiƙa zuwa Garwa: abin da nake aiki da shi a Faransa

Yaya, ina gaisuwa. Ina Inna da jiki? Ka ce in faɗa maka gaskiyar abin da nake yi a ɗakin gwaje-gwaje a nan Monpeliye, to ga shi.

Aikina auna insulin ne a jini, wato sinadarin da ke rage suga, da ɗan'uwansa C-peptid. A jikin mutum uwa ɗaya ta haife su, ana ce mata proinsulin, wadda Donald Steiner ya gano a Chicago a 1967. In ta tsage, insulin ɗaya ya fito, C-peptid ɗaya ya fito. Insulin na allura kuwa babu C-peptid a cikinsa. Don haka in aka auna C-peptid a jinin mai ciwon suga, za a san ko jikinsa na yin insulin da kansa, ko ya daina.

Da antibodi muke kamo su, wato irin ƙwayoyin garkuwar jikin nan, kowacce da abin da take damƙa. Muna zuba jini a faranti mai ramuka 96, launi ya fito, na'ura ta karanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kayan ke zuwa. Ka yi oda ranar Litinin, kafin mako ya ƙare ga ɗan aike da akwati cike da ƙanƙara. Kwalbar antibodin ba ta kai ƙaramin yatsa ba, amma kuɗinta kan haura yuro 300, kusan jaka 200 ke nan na sefa. In ta ƙi aiki, ka rubuta wa kamfanin su canza maka. Firiji kuma in ya yi ɗumi, ko da dare ne, ƙararrawa za ta tashi mai gadi. Kullum sai in tuna zafin Garwa a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, Inna ta sa kwalbar allurarta ta insulin a gindin randa.

Kifin Faransa dai bai kai na Binuwai ba, tattasai ma babu yaji.

Yaya, don Allah in kun koma wurin likita, ka tambaye shi ko ana gwajin C-peptid a cibiyar Pasteur ta Garwa, ko sai an aika jinin Yawunde. Kuɗin yana wuyana. Kada ta daina allura kafin likita ya ga sakamakon, kuma ka ɗauko mini hoton takardar.

Ƙanwarka.